Binondo, unguwar Sinawan Manila: me baƙo zai gani a can?

Wani Alhaji ɗan kasuwa, wanda ya saba zuwa Guangzhou saro kaya, ya aiko mini da tambaya. Harka za ta kai shi Manila, babban birnin Filifin, kuma abokin cinikinsa ya matsa masa ya ware yini guda ya shiga Binondo, unguwar Sinawa da hukumomin birnin ke tallata wa baƙi a matsayin wurin yawon buɗe ido na al'adu. Ya ce tunda ya sha ganin ƙasar Sin da idonsa, me ya rage da zai gani a can? Unguwa ce ta gaske, ko kwalliya aka yi mata don baƙi? Sannan Musulmi zai sami abin da zai sa a baki?

Alhaji, ka je. Sai dai ka ajiye Guangzhou a bakin ƙofa kafin ka shiga, domin in ita ka je nema za ka fito kana cewa an ɓata maka yini. Mutanen Binondo 'yan Filifin ne da kakanninsu suka ƙetaro daga Sin, wasu tun shekaru 400 da suka wuce, wasu a ƙarnin jiya. Abin kallon wurin shi ne yadda jinin nan biyu suka cakuɗu har suka zama hanta da jini. Matsalar da nake gani a yadda ake tallata unguwar ita ce sau da yawa wannan cakuɗuwar ake rufewa da jan fenti da fitilun takarda.

Kafin Turawan Sifaniya su kama Manila a 1571, gari ne mai sarki Musulmi, Raja Sulaiman, kuma jiragen fatake daga Sin sun daɗe suna zuwa gaɓar. Da Sifaniyawa suka zauna, sai suka buɗe hanyar ciniki tsakanin Manila da Akafulko ta Mekziko. Manyan jiragen ruwa na kawo azurfar Amurka, su koma da siliki da tangaran na Sin. Wannan ciniki ya ci gaba har 1815, kuma Sinawa ne ƙashin bayansa. Ba fatauci kaɗai suka riƙe ba: su ne magina, kafintoci, masu gasa burodi, maɗinka, maƙera. Turawan mulkin sun san birnin ba zai kwana ɗaya ba tare da su ba, kuma tsoronsu suke ji saboda sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Maganin da suka yi wa wannan tsoro shi ne killacewa. Turawa suka zauna cikin ganuwa, wurin da har yau ake kira Intramuros. Sinawan da ba su karɓi Kiristanci ba aka tara su a wata kasuwa mai suna Parian, a wajen ganuwa amma inda harsashin igwa zai iya kaiwa. A 1594 Gwamna Luis Pérez Dasmariñas ya ba waɗanda suka shiga ɗariƙar Katolika fili a ƙetaren kogin Pasig, daura da ganuwar. Wannan fili shi ne Binondo, kuma a kan wannan shekara ake dogara in ana cewa ita ce unguwar Sinawa mafi tsufa a duniya a wajen ƙasar Sin. Bahaushen da ya san yadda Turawan Ingila suka yanka Sabon Gari a wajen badalar Kano, ko wanda ya zauna a zangon Kumasi, zai gane tsarin nan take: baƙon da ake buƙatar hannunsa amma ba a so ya kwana cikin gari.

Zaman bai yi daɗi kullum ba. A 1603 an yi wa Sinawan Manila kisan gilla da masana tarihi ke ƙiyasta ya ci rayuka wajen 20,000, aka sake yin irinsa a 1639. Bayan kowane kisa sai kasuwa ta tsaya cak, sai a sake buɗe ƙofa wasu su zo. Yawancin masu zuwan maza ne daga kudancin lardin Fujiyan, sai suka riƙa auren matan gari. 'Ya'yan wannan aure su ne suka zama masu gonaki, 'yan boko da shugabannin ƙasar daga baya. José Rizal, gwarzon da Sifaniyawa suka harbe a 1896, wanda Filifin ke ɗauka uban kishin ƙasarta, ya fito ne daga tsatson wani Basine mai suna Domingo Lam-co. Tsohuwar shugabar ƙasa Corazon Aquino ma daga gidan Cojuangco take, zuriyar wani baƙo daga Fujiyan.

Na daɗe a kan wannan ne saboda shi zai buɗe maka ido idan ka tsaya a tsakiyar unguwar. Babban ginin da za ka fara gani coci ne, ba gidan ibadar Buda ba. Limaman ɗariƙar Dominika suka kafa shi a 1596. Yaƙin duniya na biyu ya rushe mafi yawansa, amma hasumiyar ƙararrawarsa mai kusurwa takwas tana nan. Yanzu sunan Lorenzo Ruiz yake ɗauke da shi, ɗan unguwar ne, ubansa Basine uwarsa 'yar ƙabilar Tagalog, an kashe shi a Nagasaki ta Japan a 1637 saboda addininsa, Fafaroma ya ayyana shi waliyyin cocin Katolika a 1987, na farko daga Filifin. A gefen cocin akwai gunkin Roman Ongpin, ɗan kasuwar da ya taimaka wa masu tawaye ga mulkin Sifaniya da dukiyarsa har aka ɗaure shi. Sunansa babban titin unguwar ya ci. Idan ka bi titin Ongpin ɗin, a wata kusurwa za ka ga gicciye jingine da bango, an rataya masa furanni, mutane na tsayawa gabansa suna kunna turaren tsinke irin na gidajen ibadar Sin. Ba addininmu ba ne, kuma ba na ce ka yi komai ba illa ka duba ka wuce, amma a duk unguwar babu abin da ya fi wannan kusurwa bayyana ko su wane ne mutanen nan. Wannan ba za ka gan shi a Guangzhou ba.

Harshe ma haka. Kalmomin Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, da ka tsinta a wurin sari ba za su yi maka aiki sosai da tsofaffin masu kanti ba. Harshen gidansu Hokkiyen ne, na kudancin Fujiyan, suna kiran kansu Lannang, wato "mutanenmu", kuma a jimla ɗaya za ka ji sun haɗa shi da Tagalog da Ingilishi. Tagalog ɗin kansa ya sha aro daga gare su: pansit, taliyar da babu bikin da ake yi a Filifin ba tare da ita ba, da lumpia, wato naɗin kayan lambu ko nama a cikin siririn ɓawon fulawa, da ate da ake kiran babbar ya da shi, da susi wato mabuɗi. Akwai wata da za ta yi maka daɗi a matsayinka na ɗan kasuwa, suki, wato abokin cinikin da aka saba da shi, wanda ake yi wa ragi, a ba shi kaya bashi a kan amana ba takarda. Kan wannan kalma kasuwar Binondo ta ginu.

Sunan da suka fi so a kira su da shi yau shi ne Tsinoy, an haɗa Tsino, Basine, da Pinoy, ɗan Filifin. Wata ƙungiyarsu mai suna Kaisa Para sa Kaunlaran, wadda aka kafa a 1987, ita ta yaɗa shi, kuma ba don ado ba. Sun sha wuya kafin a yarda su 'yan ƙasa ne. A 1954 majalisa ta yi dokar da ta hana baƙi cinikin ɗai-ɗai, alhali da yawansu an haife su a Manila amma ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Dokar ta tura su sari da masana'antu, abin da daga baya ya zame musu alheri. Sai a 1975 shugaban ƙasa na lokacin, Ferdinand Marcos babba, ya sauƙaƙa musu samun takardar, a shekarar da Filifin ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing. Ba su kai kashi 2 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, amma manyan bankuna da kantuna da yawa nasu ne. Henry Sy, wanda ya kafa rukunin kantunan SM, daga Fujiyan ya zo yana yaro, kuma kantin takalmansa na 1958 yana titin Carriedo, tafiyar ƙafa kaɗan daga Binondo.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, ko ta gaske ce ko kwalliya. Duka biyun suna nan, kuma ba wuya ka bambance su.

Ta gasken ita ce kasuwa. Binondo ƙarama ce, ba ta kai murabba'in kilomita ɗaya ba, mazaunanta wajen 20,000 ne, amma da rana ninkin-ba-ninkin wannan adadi ke shigowa neman abinci. Titin Ongpin cike yake da masu sayar da gwal da kantunan maganin gargajiyar Sin, inda ake auna saiwoyi da busassun ganye a sikeli. Lungun Carvajal, wanda mutum biyu da ƙyar suke gittawa, na masu kayan marmari da kayan miya ne. Ka ɗan ƙara gaba ka faɗa Divisoria, kasuwar sarin da duk Manila ke sayen yadi da kayan yara da tarkacen gida. Kuɗi ma sun daɗe suna kwana a nan. A shekarun 1980, lokacin da dala ta yi wa gwamnati ƙaranci, 'yan canjin unguwar ne aka tara aka yi abin da mutane suka laƙaba wa suna "babban bankin Binondo". Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shirya don baƙo. Ko ba ka zo ba haka za su wuni.

Akwai wani abu da nake son ka lura da shi, motocin kwana-kwana masu launin shunayya. Unguwa ce mai cunkoso da tsofaffin gidajen katako da ɗakunan ajiyar kaya, gobara ta sha cinye ta, sai 'yan kasuwar suka kafa ƙungiyoyin kashe gobara na sa kai, suka sayi motoci da kuɗinsu, kuma duk inda wuta ta tashi a Manila suna zuwa, ba sa tambayar gidan wane ne. Masu shunayyar na da alaƙa da gidan Eng Bee Tin, masu yin wani ɗan burodi mai zaƙi da ake kira hopia tun 1912, waɗanda suka yi suna da wanda ake cusa wa doya mai launin shunayya. A wurina wannan al'ada ce da ta fi kowace ƙofar ado daraja, sai dai ba kasafai takardun talla ke ba ta muhimmanci ba.

Kwalliyar kuwa ita ce ƙofofi. A 2015 an gina wata ƙatuwar ƙofa mai rufi irin na fadar sarakunan Sin a gindin gadar Jones, wadda ta ƙetare kogin Pasig zuwa Binondo, ana alfahari da girmanta. Masu kishin kayan tarihi da dama sun soke ta, ni ma ina tare da su. Binondo ta tarihi ba ta taɓa kama da fadar Beijing ba. Gine-ginenta na asali benaye ne masu ƙasan dutse da saman katako, kanti a ƙasa iyali a sama, tagoginsu na ɓawon kawa, sai kuma manyan gine-ginen kasuwanci irin na Turai da Amurka. Ƙofar tana gaya wa baƙo cewa ya shigo wata ƙasa, alhali mutanen ciki sun shafe shekaru suna faɗa don a daina yi musu kallon 'yan wata ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yau. Filifin da Sin na takun saƙa kan tekun da ke tsakaninsu, an kuma yi rikicin kamfanonin cacar intanet da suka kwaso dubban ma'aikata daga Sin har gwamnati ta haramta su a 2024. Duk lokacin da rai ya ɓaci, ɗan Tsinoy da bai san wani gida ba sai Manila shi ake fara harara. Tallan da ke nuna unguwarsa kamar reshen Beijing ba gata yake yi masa ba.

Haka batun gadar da aka buɗe a 2022 tsakanin Binondo da Intramuros, kyautar gwamnatin Sin. Ta rage cunkoso, masu ɗaukar hoto ma na sonta, amma tun tana kan takarda aka nuna damuwa cewa ta shiga hurumin cocin San Agustin da ke Intramuros, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yayin da ake kashe kuɗi kan fitilu da ƙofofi, ainihin kayan tarihin na zubewa. Ka bi titin Escolta, wanda kafin yaƙi shi ne titin kasuwanci mafi daraja a ƙasar. Yaƙin Manila na Fabrairun 1945, wanda ya ci fararen hula wajen 100,000, ya ragargaza birnin, daga baya bankuna da manyan ofisoshi suka koma birnin Makati da ke maƙwabtaka, masu hali kuma suka ƙaura zuwa unguwannin Greenhills da Banawe a wajen garin. Abin da ya tsira daga bam sai sakaci ya kama shi. Gidan silima na Capitol, ginin shekarun 1930, an rushe mafi yawansa a 2020. Ginin El Hogar na 1914 da ke bakin kogi ya daɗe a rufe yana lalacewa. A San Nicolas, unguwar da ke manne da Binondo, tsofaffin gidajen katako na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, dogayen benaye da rumbunan ajiya na maye gurbinsu. Akwai doka tun 2010 da ta ce duk ginin da ya kai shekara 50 a ɗauke shi kayan tarihi har sai an tabbatar da akasin haka. Sai dai filin Binondo na cikin mafi tsada a ƙasar, kuma mai tsohon gida da ke kashe kuɗin gyara ba ya samun komai, ga mai gini ya zo masa da maƙudan kuɗi, ba sai an gaya maka abin da zai zaɓa ba. Muddin hukuma ba ta sa riƙe tsohon gini ya zama da riba ga mai shi ba, ta hanyar sassaucin haraji ko tallafin gyara, kiran wuri "yankin yawon buɗe ido" ba zai hana gatari ba.

Akwai misalin da ke nuna abin zai yiwu. Ginin First United da ke Escolta, na 1928, masu shi sun buɗe ƙasansa ga matasa masu sana'ar hannu da masu zane, suka yi ɗan gidan tarihi a sama. Ginin na kawo kuɗi, yana nan tsaye, mutane na shiga da fita. Gyaran da aka yi wa gadar Jones a 2019, aka mayar mata da fitilu irin na da, shi ma ya jawo jama'a zuwa bakin kogi da yamma, wurin da a baya ake gudu.

Wasu biranen ƙasar sun bi sawu. Davao ta ayyana tata unguwar Sinawa a 2003, birnin Quezon ma ya yi haka da yankin Banawe, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Nan ma da ƙofa aka fara.

Sai batun abinci, kuma a nan zan gaya maka gaskiya ba rufa-rufa. Yawancin baƙin da ke zuwa Binondo ci ke kawo su, har akwai masu zagayawa da mutane gidan abinci zuwa gidan abinci, ciki har da Toho Panciteria Antigua da ke cewa tun 1888 take dafa taliya. Amma girkin Hokkiyen alade ne ginshiƙinsa. Siopao, burodin da ake turarawa, galibi naman alade ke cikinsa. Romon mami, wato taliya mai romo, ko da an ce na kaza ne ko na sa, ana iya dafa shi da ƙashin alade. Lumpia da ka gani kamar ganye zalla sau da yawa akwai ɗan niƙaƙƙen nama a ciki. Hopia ma asalinsa da kitsen alade ake kwaɓa shi, akwai ma nau'in da sunansa ke ɗauke da kalmar. Ka riƙe kalmar nan: baboy, alade ke nan. "May baboy ba ito?" na nufin akwai alade a cikin wannan? Ka tambayi man da aka soya da shi, ka tambayi ko an zuba giyar girki. Ko an ce maka babu, kasko ɗaya ne, kuma kazar ba yankan Musulmi ba ce. Abin da hankali zai kwanta da shi a cikin unguwar shi ne kayan marmari, gasasshen gujiyar dutse da ake sayarwa a bakin titi, ruwan rake, shayi, sai gidajen abincin mabiya Buda da ba sa dafa nama sam.

Ga yadda zan tsara maka yinin. Ka fara da safe daga Intramuros, ka shiga Bahay Tsinoy, gidan tarihin da ƙungiyar Kaisa ta buɗe a 1999. Awa ɗaya a ciki zai sa duk abin da ka gani daga baya ya yi ma'ana, amma ka tabbatar da ranakun buɗewarsa kafin ka tashi. Daga nan ka ƙetare gadar Jones da ƙafa, ka karya dama ka bi Escolta, ka dawo ta cocin, ka shiga Carvajal, ka miƙe Ongpin har ƙarshensa a Santa Cruz. Kada ka shiga da mota, za ka wuni a layi. Masu keken doki za su yi maka tayi, ka gama ciniki da su kafin ka hau. Ka sa waya da kuɗi a aljihun gaba kamar yadda za ka yi a kowace babbar kasuwa. Ka zaɓi ranar aiki, don a lokacin ne za ka ga 'yan dako da masu sari, wato unguwar a kan aikinta. Sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu kuma ta zama ranar hutu a ƙasar tun 2012, tana da rawar zaki da ganguna, amma turmutsitsin ya kai inda ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne iska ta fi sauƙi. Damina kuwa, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba, titunan na cika da ruwa saboda magudanan da a da kwale-kwale ke bi da kaya sun toshe.

Daga ƙarshen Ongpin, in ka wuce Carriedo, ka shiga Quiapo ke nan. A can akwai Masallacin Zinare mai kubba ruwan gwal, wanda aka gina a 1976, kewaye da shi unguwar Musulmin da suka zo daga tsibirin Mindanao na kudancin ƙasar ce, da gidajen abincin halal da masu sayar da hijabi da dabino. Ka lissafa tafiyarka yadda azahar za ta same ka a can, ka yi salla, ka nemi pastil, shinkafa da soyayyen naman kaza da aka yayyaga, a naɗe cikin ganyen ayaba.